Bankin Injiniya na Ƙarƙashin Matakala

Tunda aka gina kasuwar nan mai bene ba a taɓa yin mai cika baki irin Injiniya ba. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta da jan fenti a jikin teburinsa na gyaran waya da ke ƙarƙashin matakala. Wurin kuwa, in ya miƙe ba shiri sai ƙeyarsa ta gaisa da siminti, in masu shara sun wanke bene a kansa ruwan yake ƙarewa. Amma in ka ji shi yana zuba, sai ka rantse kamfanonin waya na duniya ba sa fitar da sabuwar waya sai sun ji ta bakinsa.

'Yan kasuwar suna da asusun haɗin gwiwa inda kowa ke ajiya. Matsalar ita ce in za ka biya maƙwabcinka daga ajiyarka, sai ka rufe shago ka hau bene ka bi layi a ofishin Ma'aji. Shugaban ƙungiyar kuwa surukin Injiniya ne, uban matarsa, dattijo mai tsadar magana wanda har yau bai gama yarda cewa autarsa ta yi dacen miji ba.

Wata rana ƙungiya ta gayyato wasu samari daga wani kamfani don su yi bayanin yadda za a mayar da asusun bankin intanet, kowa ya riƙa tura kuɗi daga wayarsa. Samarin suka ce sai an zauna an tsara, an gina, an yi gwaji, an ɗaure tsaro, an nemi izinin hukuma, aikin watanni ne. Da suka faɗi farashi sai zauren ya ɗauki salati. Nan Injiniya ya miƙe daga can baya yana gyara wuyan riga.

"Baba, a gafarce ni. Wannan abin da suke ta ja wa rai, ni da irinsa nake karya kumallo. A ba ni wata guda."

Mai Yadi, wata gwaggo da duk kasuwar ke shakkar bakinta, ta waiwayo ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗin? Wayar da na kawo maka gyara, har yau in an kira ni sai na juya ta ƙasa a sama kafin a ji muryata."

"Sabon salo ne, Gwaggo. A ƙasashen da suka ci gaba haka ake riƙe ta."

Aka yi dariya, amma da ya ce shi kyauta zai yi, sai dariyar ta koma shawara. Shugaba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ciro wani makulli daga aljihu ya ɗaga.

"Shagon bakin ƙofa mun ware shi don ofishin banki. In ka yi abin nan, naka ne. In kuwa ka kunyata ni a gaban mutane..." Bai ƙarasa ba, ya mayar da makullin aljihu.

Shagon bakin ƙofa! Mai taga biyu, mai fanka, mai rufin da mutum zai yi miƙa bai taɓa shi ba. Injiniya ya koma gida yana tafiya kamar an riga an ɗaura masa rawani.

Washegari ya farke kwalin firji ya kafa a bayan teburinsa, ya cika shi da akwatuna da kibiyoyi. Wannan kibiya ta shiga wancan akwati, waccan ta fito ta zagaya ta dawo inda ta taso. Duk wanda ya tsaya kallo sai ya sha bayani.

"Nan kuɗinka zai shiga. Nan za a tace shi. Nan kuma uwar na'ura ce, tana can ƙasar waje a wani ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin teku."

Mai Aski, wanda shagonsa ke kallon matakalar, ya ce, "To kuɗin ba za su jiƙe ba?"

"Ka tsaya a kan gashi, abokina. Ka bar wa masu ilmi teku."

Gaskiyar magana, Injiniya ya yi ƙoƙari daidai gwargwado. Ya kalli bidiyon koyon haɗa manhaja har idonsa ya yi ja, ya samo wani shafi na kyauta da ake ƙera fuskar manhaja, ya ƙera tasa. Kuma ta yi kyau, ba ƙarya. Koriya shar, da hoton zaki a sama, da maɓallai manya guda uku: Tura, Karɓa, Duba Asusu. Aibinta ɗaya ne, in ka danna maɓallin ba abin da ke faruwa. Ashe fuskar ita ce mai sauƙi, cikin kuwa, inda ake lissafi da tsaro da ajiye bayanai, duk bidiyon da ya buɗe sai ya ji kamar da yaren aljanu ake magana.

Wata ya kusa ƙarewa, ga maɓallan har yanzu ba sa aiki. Sai ya gano wata dabara. Akwai yadda za a yi in mutum ya danna Tura, saƙo ya zo wayar Injiniya cewa wane na son tura wa wane kaza. Shi kuma sai ya rage a nan ya ƙara a can da hannunsa, ya rubuta amsa, ta bayyana a wayoyinsu kamar daga banki ta fito.

Matarsa ta same shi a tsakar ɗaki yana gwadawa da wayoyi biyu yana murmushi shi kaɗai. Ta tsaya ta gane abin da ake ciki.

"Baban yara, wato kai ne uwar na'urar?"

"Na wucin gadi ne. Duk manyan bankuna haka suka fara."

"A ƙarƙashin teku?"

"Ke dai ki yi shiru ki fara tunanin labulen da za mu sa a shago."

Ma'aji ya ba shi bayanin ajiyar kowa ya zuba a wayarsa, aka fara gwaji da mutum kaɗan. Ranar farko abin ya tafi kamar an shafa mai. Mai Aski ya tura wa mai sayar da reza, kafin ya ɗaga kai amsa ta zo: An tura. Mun gode. Kasuwa ta ɗauka. Masu cewa Injiniya ba ya iya sauya batir suka fara cewa dama sun san yaron nan akwai ƙwaƙwalwa.

Yabo ya hau masa kai. Akwai wani Mai Makulli da ya daɗe yana yawo da injinsa a rana ba shi da wurin zama. Injiniya ya kira shi a gaban jama'a, ya nuna masa ƙarƙashin matakala.

"Na bar maka. Mutum irina ya wuce zaman rami."

Ba a nan ya tsaya ba, sai da ya ja shi ofishin ƙungiya aka mayar da wurin da sunansa. Teburin gyaran waya kuma aka ɗora a baro aka kai gida, aka dasa shi a tsakar ɗaki inda yara ke cin karo da shi. Matar ta dubi teburin, ta dubi mijinta.

"Yanzu in ba a ba ka shagon ba, a ina za ka zauna ka nemo mana abinci?"

"In ba a ba ni ba? Ki daina yi wa arziki baƙin baki."

Daga nan mutane suka yi ta shiga bankin, wayar Injiniya ta koma kamar an saka ƙudan zuma a aljihunsa. Yana tafiya yana dannawa, yana cin abinci da dama, hagu a ƙarƙashin tebur tana dannawa, ana gaishe shi yana amsawa da ka. Ya rame, idanunsa suka faɗa. In an tambaye shi sai ya ce sa ido yake yi a kan uwar na'ura.

Ranar da ya je aski aka fara samun matsala. Mai Aski ya lulluɓe shi da ƙyalle har wuya, ya shafe masa haɓa da kumfa, ya ɗora reza. Sai ga wani ya leƙo yana neman kuɗin sabulu, Mai Aski ya ciro waya da ɗaya hannun ya danna Tura. Wani abu ya yi gurnani a ƙarƙashin ƙyallen. Injiniya ya motsa hannu a hankali.

"Kar ka motsa, reza na kan maƙogwaronka," in ji Mai Aski. Ya dubi wayarsa. "Af, bankinka ya tsaya."

"Bai tsaya ba," Injiniya ya faɗa ta cikin haƙora. "Can inda na'urar take yanzu ana sauya ma'aikata."

"Na'ura ce ko ma'aikata?"

"Masu yi mata fifita."

Mai Aski ya sake dannawa, ƙyallen ya sake gurnani. Ya danna na uku.

"Cikinka ne ke kuka haka?"

"Ban karya ba."

Ana cire masa ƙyalle ya ce fitsari ya matse shi, ya ruga bayan shago. Bai fi ƙiftawar ido ba aka tura wa mai sabulu kuɗinsa har sau uku, sai da aka yi rabin yini ana warware rigimar.

Mai Yadi kuwa ta fara lura da wani abu. Ta tare shi a tsakiyar layin 'yan yadi, hannu a ƙugu.

"Zo nan, ɗana. Me ya sa bankin nan ba ya aiki in an tayar da salla?"

Injiniya bai ko ƙifta ido ba. "Haka na gina shi, Gwaggo. Banki ne mai tsoron Allah."

"To ranar da matarka ta ce kana kwance da zazzaɓi fa? Yini guda bai motsa ba."

"Na'ura ta san mai ita. Alhini ta yi."

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma aiki ya yi masa yawa har ya daina rubuta sunayen mutane da hannu, ya koma kwafo su kai tsaye daga jerin lambobin wayarsa. Shi kuwa Injiniya yana da yadda yake ajiye sunan kowa. Wata safiya wani tela ya biya Mai Yadi, sai saƙo ya fito a wayoyinsu duka biyun: An tura wa Mai Yadi Masifatu. Mun gode.

Kafin azahar Mai Aski ya gano cewa a banki sunansa Rediyo Ba Batir, Ma'aji kuma Kunkuru. Suka taru suka yi masa ƙawanya a bakin matakala, Mai Yadi a gaba tana kaɗa waya a hancinsa.

"Uban wa ya gaya wa bankinka ni masifatu ce?"

Gumi ya karyo masa, amma bakin bai mutu ba. "Wannan shi ne ci gaban da nake faɗa muku. Na'urar tana nazarin halin mutum da kanta. Ni ba ruwana."

"Wato na'urar ce ta zauna ta yi nazari ta ga ni masifatu ce?"

Mai Aski ya juya baya kafaɗunsa na rawa, har shi Kunkuru sai da ya rufe baki da hula. Dariyar ce ta ceci Injiniya ranar. Yana samun kansa ya laɓe a bayan wata mota ya goge sunan da ya ajiye surukinsa da shi, wanda ba zai faɗu a nan ba.

Aka sa ranar buɗe banki. Shugaba ya gayyato shugabannin wasu kasuwanni su zo su ga abin da surukinsa ya ƙera, karo na farko ke nan da aka ji ya kira shi suruki a bainar jama'a. Aka yi hayar kujeru da lasifika da majigi, don duk abin da ya fito a waya a gan shi ɓaro-ɓaro a bango. Sai a jajibirin ranar Injiniya ya tuna da wani abu. In yana gaban mutane riƙe da makirufo, wa zai zama uwar na'ura?

Ya sami matarsa tana ninke kayan yara, ya durƙusa a gefen teburin nan.

"Akwai ɗan sito a bayan zauren taro. Ki zauna ciki da wayata. Saƙo na zuwa ki rage nan, ki ƙara nan, ki rubuta An tura, Mun gode. Shi ke nan."

"Ni zan yi wa Baba ƙarya?"

"Wa ya ce ki yi magana? Dannawa kawai za ki yi. Daga an ba ni makulli zan ɗauko yaran kamfanin nan su gina na gaske, ba wanda zai sani."

Ta dubi teburin da ya cinye mata rabin ɗaki. Tausayinsa ya kama ta, da tsoron ranar da za a wayi gari ba shago ba rami.

"Zan yi. Amma Allah ya gani ba da son raina ba."

"Kalma huɗu kawai. Kar ki ƙara ko wasali."

Ranar taro zaure ya cika har taga. Injiniya ya sha sabuwar riga, ya riƙe makirufo kamar da shi aka haife shi. Ya yi bayanin teku, ya yi bayanin ɗaki mai sanyi, ya ce wasu ƙasashe sun fara aiko masa da saƙo amma ya ce su jira ya gama da mutanensa tukuna.

"Abin da ya bambanta bankin nan da sauran," ya ce yana buga ƙirji, "shi ne hannun ɗan Adam ba ya taɓa shi. Ba ya gajiya, ba ya son kai, bai san babba ba bai san yaro ba."

Mai Aski ya fara gwadawa. Bango ya nuna: An tura. Mun gode. Aka tafa. Mai Yadi ta gwada tana zare ido tana jiran a zage ta, sai ga amsa ta fito tsaf ba ƙari. Aka sake tafawa. Wani baƙo ma ya karɓi waya ya gwada, abin ya tafi sumul, har ya fi lokacin da mai shi ke riƙe da shi sauri. Injiniya ya hango Shugaba ya sa hannu a aljihun da makullin yake, zuciyarsa ta yi fari tas.

Sai babban baƙo ya ce ai ya kamata Shugaba da kansa ya sa albarka. Dattijon ya miƙe, ya sa tabarau, aka haɗa wayarsa da majigi. Ya lalubi maɓallin da ɗan yatsa ɗaya, ya tura wa Ma'aji wani abu kaɗan.

Bango ya yi shiru. Injiniya ya yi murmushi ya ce na'urar na tantance babban mutum ne. Shirun ya yi tsawo. A ransa yana ta roƙo, kalma huɗu, baiwar Allah, kalma huɗu. Abin da bai sa a lissafinsa ba, duk da kibiyoyin da ya zana a kwali, shi ne tunda matar nan ta iya magana ba ta taɓa amsa wa ubanta gatsau ba gaisuwa ba, kuma ba yau za ta fara ba don an saka ta a sito.

Rubutu ya fito a bango, manya-manya, kowa na gani:

Barka da yamma, Baba. An tura. Ka sha maganinka na rana kuwa?

Shugaba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa.

Injiniya ya yi ta maza ya ɗaga makirufo. "Jama'a, kun ga abin da nake faɗa. Na'urar ta gane dattijo."

"Yanzu ka ce ba ta san babba ba," in ji Mai Aski.

"Ta koya a yanzu."

Mai Yadi ta miƙe. "To ni da ta zaga, me ya hana ta tambayi ciwon ƙafata? Kuma wa ya gaya wa na'urar da ke ƙarƙashin teku cewa Shugaba na shan magani da rana?"

Shugaba ya juya a hankali yana duban zauren, bango bayan bango, har idonsa ya sauka a kan ƙofar siton da ke bayan kujerun baƙi. A ƙasan ƙofar ga wayar caja ta fito ta shiga soket. Bai ɗaga murya ba.

"Auta."

"Na'am, Baba," in ji siton.

Abin da ya biyo baya ba a iya kiransa dariya kawai. Wani baƙo ya faɗo daga kujera, Ma'aji ya kifa kai a tebur yana dukansa da hannu, Mai Yadi ta zauna daɓas tana share hawaye da gefen mayafi. Ƙofar ta buɗe, uwar na'ura ta fito sharkaf da gumi, ƙura a gwiwoyinta, waya a hannu. Ta zo gaban ubanta ta durƙusa, kanta a ƙasa, kunya kamar ta nutse.

"Tashi, 'yata," ya ce. "Na sha maganin."

Kowane mai hankali a nan zai ajiye makirufo ya nemi ƙofa. Injiniya kuwa sai ya ƙara matso da shi baki, don yana ganin taga biyu da fanka suna tafiya suna barinsa, ga shi ko ramin da zai koma babu.

"Baba, a duba dai. Ko ba komai, a duk duniya ba a taɓa yin bankin da ke gaida mutane ba. Wannan kaɗai ya isa a ba mutum shago."

Shugaba ya ciro makullin. Injiniya ya miƙa hannu biyu. Dattijon ya wuce hannuwan ya ajiye shi a gaban Ma'aji, ya ce gobe a kira samarin kamfanin nan a ba su haƙuri. Sannan ya juyo ya dubi surukinsa, ya nuna 'yarsa da haɓa.

"A duk bankin naka, wannan ce kaɗai ta yi aiki. Ita kuwa ba kai ka haɗa ta ba, ni da uwarta muka yi wannan aikin."

Ya kama hannun Auta suka fita, aka bar Injiniya tsaye a gaban majigi da hannuwa biyu a miƙe.